Gayyar Bakin Teku: Shawarwari Ga Magidanta Masu Son Farfaɗo da Kurmin Ruwan Gishiri

Bahaushe ya daɗe da zama a bakin teku. Muna Bogobiri ta Kalaba, muna Fatakwal, muna Agege da Idi-Araba a Legas, muna Nima da Sabon Zango a Akra, muna New Bell ta Duwala, har Bur Sudan a gaɓar Bahar Maliya akwai mu. A waɗannan garuruwa aka haifi 'ya'yanmu da jikokinmu. Kifin wurin muke ci, itacen wurin muke hurawa, in ruwa ya yi ambaliya kuma har da ɗakunanmu yake shiga. Duk da haka ƙalilan ne cikinmu suka taɓa tattare wando suka shiga laka don gyara kurmin da ke tsare gaɓar.

Kurmin da nake nufi shi ne na itacen mangirof, wanda ke tsirowa inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku. Ba shi da dangantaka da mangwaro. A yankin Neja Delta ana ce masa angala, a Duwala matanda. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale a can ya gan shi: itace mai saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, tsaye cikin taɓo. A tsakanin saiwoyin nan kifi da jatan lande da ƙaguwa ke renon 'ya'yansu kafin su fita teku. Su ne ke riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, su ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari. Duk Afirka babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan wannan kurmi, kuma yana ƙarewa a kan idonmu.

Aikin gayya ba baƙonmu ba ne, amma gayyar laka tana da ƙa'idojinta, kuma ranar shuka ita ce mafi sauƙi a cikinta. Ga abin da nake ba kowane gida shawara.

1. Ku fara da sallama. Lakar da kuke gani kamar ba ta da mai ita, tana da shi. Wani dangi ne ke kamun kifi a wannan rafi, wasu mata ne ke tsince-tsince a wancan lungu, wani wurin kuma mutanen gari na girmama shi bisa al'adarsu, ba a shigarsa. A yawancin garuruwan masunta na Ghana ba a fita teku ranar Talata. Maigida ya nemi Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango ya raka shi wurin mai gari da shugaban masunta, a faɗi abin da ake so a yi, a saurari amsa. In akwai ƙungiyar 'yan gari da ta riga ta fara, ku shiga cikinta. Hakan ya fi ku kafa taku daban, don itacen da mai wuri bai yarda da shi ba ba ya kwana biyu a tsaye.

2. Kafin ku sa iri ko ɗaya a ƙasa, ku binciko abin da ya kashe kurmin farko. Wannan ita ce shawarar da na fi so ku riƙe, don a kanta aka fi yin asara. Bayan ambaliyar tsunami ta 2004, ƙasar Siri Lanka ta shuka mangirof da yawan gaske. Da masana suka koma suka duba wurare 23, sai suka tarar a tara daga ciki ko itace ɗaya bai rayu ba, kuma uku kacal ne fiye da rabin shukarsu ta kama. A Filifin ma an shafe shekaru ana shukawa, abin da ya rayu bai wuce 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Mutanen ba ragwaye ba ne, kuɗi ma an kashe. An dai kafa itacen ne a inda ruwa bai dace da shi ba.

Ku zauna da tsofaffin masunta ku tambaye su: da can akwai kurmi a nan? Yaushe ya tafi? Me ya faru a shekarar? In suka ce tun kakanninsu fili ne na taɓo da tsuntsaye ke sauka, ku bar shi haka, shi ma da amfaninsa. In sara ce ta cinye kurmin, kuma akwai manyan itatuwa a kusa, sau da yawa ba a ma bukatar shuka. Ruwa da kansa zai kawo iri, naku kawai tsaro. Manoman Maraɗi sun san wannan hikima a tudu, inda sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a rene shi, ya mayar da itatuwa gonaki fiye da yadda dashe ya taɓa yi. In kuwa hanyar mota ko ganuwar gonar kifi ce ta datse rafin da ke shigo da ruwa, to ku ajiye iri ku ɗauki shebur. A buɗe magudanar, ko a je wa hukuma da roƙon kwalbati. Ruwan da ya shiga bai fita ba yana shaƙe saiwa, wanda kuma bai shiga ba sam yana barin gishiri ya taru har ƙasa ta yi fari.

Haka ya faru a Kasamans da Salum a Senegal. Farin shekarun 1970 da 1980, wanda ya kashe mana shanu a Arewa, ya rage ruwan daɗin da ke gangarowa, gishiri ya yi yawa, hanyoyin da aka gina suka toshe wasu rafuka, sara ta ƙarasa sauran. Gishiri ya bi ya shiga gonakin shinkafa. A 2006 ƙungiyar Océanium, ƙarƙashin Haidar El Ali, ta haɗa kai da mutanen ƙauyen Tobor kusa da Ziganshor suka shuka iri 65,000. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan ƙauyuka suka shiga, aka shuka miliyoyi masu yawa, Haidar kuma ya zama ministan muhalli a 2012. Abin lura a nan shi ne mutanen ƙauyukan ne suka tsinci irin, su suka nuna inda kurmin yake a da, su suka shuka da hannunsu.

Wuri ɗaya ne zan ce ku nisance shi gaba ɗaya: inda ɗanyen mai ya malala. In kuka ga ruwa yana sheƙi kala-kala, ko kuka taka laka baƙin mai ya ɓullo da wari, kada yaro ko babba ya shiga. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a 2011, ya ce gyaran irin wannan ɓarna zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Wannan aikin ƙwararru ne. A Najeriya a kai rahoto ga hukumar NOSDRA.

3. Ku koyi karatun ruwa, kuma kalandar Musulunci da ke rataye a ɗakinku za ta taimake ku. A gaɓar Afirka ta Yamma teku na cika sau biyu, ya janye sau biyu a yini da kwana, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan. A farkon wata da tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16, ruwa na cika sosai ya kuma janye sosai. Wajen 7 da 8, da kuma 22 da 23, motsinsa kaɗan ne. Tsakanin cika da janyewa kimanin mita ɗaya ne a Legas, a Kalaba kuwa yakan kai kusan uku, saboda haka ilimin wani gari ba ya yi wa wani.

A sa wani saurayi a gida ya kafa sanda a wurin da ake son shukawa, ya riƙa zuwa har wata guda yana yi mata alama: ina ruwa ya kai yau, awa nawa ya yi kafin ya sauka. Mangirof na son ruwa ya zo ya tafi. Ƙasar da ke nutse fiye da rabin yini ta yi masa zurfi, a can yake ruɓewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a dubi inda ƙananan tsirrai suka fito da kansu a kurmi mafi kusa, a nemi wuri mai tsayi daidai da nan. Ita shukar a yi ta a kwanakin da motsin ruwa ya yi sanyi, don kada ƙarfinsa ya tumɓuke irin tun bai kama ba.

4. Kowane iri da mazauninsa. Mai ƙafafun nan, wanda masana ke kira Rizofora, jan mangirof ke nan, shi ke zama gaba a bakin rafi cikin laka mai laushi, kuma shi ya fi yawa a Neja Delta. Bayansa, inda ƙasa ta ɗan yi tudu ta fi tauri da gishiri, akwai Abiseniya. Za ku gane shi da siraran saiwoyi da ke tsirowa sama kewaye da gindinsa kamar an kakkafa fensir, ta nan yake shaƙar iska, kuma in kuka lasa ganyensa za ku ji gishiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika ko'ina da ja, don shi ya fi sauƙin shukawa. Ku dubi abin da Allah ya tsirar a wurin ku bi sahunsa. A gaɓar Sudan, alal misali, kurmin na Abiseniya ne, kawo masa na Kalaba ɓata lokaci ne.

5. Iri. Jan mangirof ba ya zubar da ƙwaya. Ɗansa na tsirowa tun yana maƙale a jikin uwa, ya yi tsawo kamar ɗan zogale, daga taƙi ɗaya har kusan kamu guda, sannan ya faɗo. Wanda ya nuna za ku ga wani ɗan zobe mai haske ya bayyana a wuyansa, kuma da an taɓa shi yake rabuwa da reshe. Wanda sai an fizgo bai nuna ba, a bar shi. Ana iya tsintar waɗanda suka faɗo suna yawo a ruwa, amma a duba: mai ƙaramin rami kamar na allura ƙwaro ya shige shi, wanda ya yamushe ko kansa ya karye shi ma a jefar. Kada a kwashe na gindin uwa kakaf, a bar mata rabo. A zuba su a buhu mai jiƙa, a ajiye a inuwa, a shuka cikin 'yan kwanaki. Rana na kashe su da sauri.

Na Abiseniya ƙanana ne, kamar babban wake mai faɗi, ruwa na saurin tafiya da su. Su an fi renonsu a leda, ana ba su ruwan rafin, har wata uku zuwa shida kafin a dasa. Wannan aiki ne da uwargida da yara za su iya riƙewa a bayan gida in gidan na kusa da ruwa.

6. Ranar shuka. A yi ta da damina, lokacin da ruwan sama ya sassauta gishiri kuma iri ya wadata. A shiga da zarar ruwa ya fara janyewa, a fito tun bai dawo ba. A samo doguwar igiya a ƙulla mata ƙulli kowane mita ɗaya, mutum biyu su riƙe bakinta, sauran su jera. Kowa ya soka iri a gaban ƙullinsa, mai tsinin a ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ya shige laka, ya tsaya cak. A matsa gaba mita biyu a sake. Da wannan tazara hekta ɗaya na cin iri 5,000. Ba a haƙa rami, ba a sa taki, ba a ban ruwa. Kada a cusa shi da zurfi don tsoron kada ya faɗi, yana numfashi ta jikinsa. Kada kuma a shuka cikin hanyar da ruwa ke bi ko inda masu kwalekwale ke ɗaure jiragensu.

Gida ɗaya kada ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Fili mai faɗin filin ƙwallo ya ishi unguwa guda a shekarar farko.

7. A raba aiki, kuma a tsare rai. Yawancinmu 'yan tudu ne, ba mu iya iyo ba, kuma babu abin kunya a faɗin haka. Duk wanda zai hau kwalekwale ya sa rigar da ke hana nutsewa, kada a cika jirgi fiye da yadda mai shi ya ce. Kullum a tafi da ɗan gari wanda ya san rafin. A naɗa mutum ɗaya a tudu wanda aikinsa duban agogo da ruwa ne kawai, in ya kira kowa ya fito ko da saura iri goma a hannu, don ruwan da ke dawowa yakan zagayo ta baya ya datse hanya.

Dogon takalmin roba laka ke riƙewa. Tsohon kambas da aka ɗaure tam ya fi, ko safa mai kauri biyu. Kada a shiga ba takalmi, akwai ɓawo masu kaifi kamar reza da fasassun kwalabe. Wanda ya yanke ya wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ya je a duba ko yana bukatar allurar rigakafin sarƙewar haƙora. Wanda ƙafarsa ta nutse har gwiwa kada ya yi ta fizga, ya kwanta ya baje nauyinsa a miƙa masa sanda. A sa riga mai dogon hannu saboda sauro da ƙananan ƙwari masu cizo, a tafi da jarkar ruwan sha da na alwala, da tufafi masu tsarki a leda, don sau da yawa Azahar na riskar mutane a can.

Yara ƙanana da tsofaffi ba sa shiga laka. Nasu shi ne tantance iri a inuwa, ƙirga shi ɗari-ɗari, ƙulla igiya. Matan da ba sa fita suna da renon leda da abincin 'yan gayya, kuma kowa ya san gayyar da babu abinci ba ta samun mutane karo na biyu.

8. Ku san baƙon da ya zama annoba. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani irin kaba daga Singafo suka dasa a Kalaba, ana kiransa nipa. Ba shi da gangar jiki a sama, ganyensa kamar na kwakwa yake fitowa kai tsaye daga laka, 'ya'yansa kuma na yawo a ruwa su tsira duk inda suka tsaya. Yau ya mamaye rafuka a Kuros Riba da Akwa Ibom da Ribas, ya tsallaka har bakin kogin Wuri a Kamaru. Duk inda aka sare mangirof shi ke riga kowa zama, kuma masunta na kukan cewa kifi ba ya hayayyafa a cikinsa yadda yake yi a kurmin asali. Wanda ya ga yadda kacalla ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru ya fahimci irin wannan ciwo.

Sara ɗaya ba ta kashe shi, don gangarsa a kwance take cikin laka. Sai an yi ta maimaitawa duk lokacin da ya toho. Abin da gida zai iya yi cikin sauƙi shi ne tsince 'ya'yansa daga ruwa, a tumɓuke ƙananan tun ba su kafu ba, a kai tudu su bushe a ƙone. Ganyen na yin jinka da tabarma, saboda haka saran ba asara ba ne. Inda aka share a maye gurbin da irin gida nan da nan, in ba haka ba shi zai dawo.

9. Inda gaɓar ta rairayi ce, maganar ta sauya. A nan masu tsaron ƙasa ƙananan tsirrai ne da ba a kula da su: wata yaɗo mai fure shuɗi-ja da ganye kamar kofaton akuya, 'yar'uwar duman kada, da waken bakin teku, da ciyayi masu jure gishiri. Su ke kama yashin da iska ke kwasowa har ya taru ya zama tudu, tudun kuma ya tare ruwa. Dasa su ba wuya: a yanko reshe mai gaɓa uku ko huɗu daga inda suka yi yawa, a binne rabinsa da farkon damina, sama da iyakar da ruwa ke kaiwa. A kafa shingen ganyen kwakwa ta gefen iska, a ware hanya ɗaya da kowa zai riƙa bi zuwa ruwa, don tattaki ke kashe su.

Za a ba ku shawarar dogon itacen nan mai ganye kamar gashi, wanda ake kira filawo a Senegal. An shuka shi tsakanin Dakar da San Luwi tun ƙarshen shekarun 1940 don tsayar da tudun yashi, ya kuma yi aikin. Amma baƙo ne daga wajen Ostireliya da kudancin Asiya, kuma ganyen da yake zubarwa yana hana yawancin tsirrai tsirowa a ƙarƙashinsa. In manufar ita ce mayar da na asali, ba shi za a fara nema ba.

Abu biyu a nan sun shafe mu kai tsaye. Na farko yashi. Mai gini ya tambayi direban tifa daga ina ya ɗebo. Yashin bakin teku na da araha, amma gishirinsa na cin rodi a cikin kankare, ramin da aka bari kuma ƙofa ce aka buɗe wa ruwa. Mutanen Keta a Ghana sun ga teku ya cinye unguwanni, musamman bayan madatsar Akosombo ta 1965 ta rage yashin da kogin Bolta ke kawowa gaɓa. Na biyu dabbobi. Mu ne masu tumaki da awaki da shanu a yawancin garuruwan nan, balle gab da Babbar Sallah. Akuya na son ganyen Abiseniya, raƙuma ma haka suke yi masa a gaɓar Sudan, garke ɗaya kuma zai iya share aikin shekara kafin La'asar. A yi magana da Sarkin Zango da shugabannin kara tun kafin a shuka, a amince kan inda dabba ba za ta taka ba.

10. Ku duba murhunku. Babu amfanin shuka da safe, da yamma a dafa tuwo da uwar abin da aka shuka. Itacen mangirof ja ne a ciki, yana da nauyi, yana ci ko bai gama bushewa ba, yana kuma ba kifi launi mai kyau. Shi ya sa masu banda da masu gawayi ke rububinsa. Uwargida ta tambayi mai itace, ta koyi gane shi. Gidan da ke da halin gas ko murhu mai tsimin itace ya koma kansa. Masu tsire da balangu da masu shayi, waɗanda ke sayen itace da gawayi kullum, in suka haɗa baki suka ƙi saye, masu sara za su ji a jikinsu fiye da duk wani wa'azi.

Ba na goyon bayan a tsangwami matan da ke kyafa kifi, da shi suke ciyar da 'ya'yansu, kuma bandar da suke yi har kasuwannin Arewa take kaiwa. A taimaka musu su rage itacen. Tun 1969 aka ƙirƙiro murhun Chorkor a wata unguwar masunta ta Akra: ginin laka ne da ake jera faifan waya da yawa a kansa, wuta ɗaya ta kyafa duka. Magini da kafinta na unguwa za su iya yin sa. Kuɗin adashe ɗaya ya isa.

A Gambiya akwai matan da ke ciro wani naman ruwa mai ɓawo biyu da ke mannewa a saiwar mangirof. Da can har saiwar suke sarewa. A 2007 suka kafa ƙungiyar TRY, suka koma ɓamɓaro shi da wuƙa su bar saiwar, suka kuma amince su rufe ɗiba mafi yawan watannin shekara. A 2012 gwamnati ta damƙa musu haƙƙin wannan sana'a a dausayin Tanbi da ke gefen Banjul. Mai saye ma na da rawar takawa: in aka ce lokacin rufewa ne, kada ya nema.

11. Shara. Leda ɗaya in ta naɗe ƙaramin tsiro, ruwa ya ja ta, tare suke tafiya. Robar ruwa da ledar da aka jefa a kwatar unguwa a rafin take ƙarewa. Kowane zuwa a tafi da buhu biyu, a dawo da su cike.

12. In kuɗi ya shigo, a buɗe ido. Akwai kamfanoni da ƙungiyoyin da ke biyan al'umma don kurminsu na zuƙe iskar da ke ɗumama duniya. A ƙauyukan Gazi da Makongeni na Kenya, shirin Mikoko Pamoja ya fara sayar da wannan tun wajen 2013, ana sa kuɗin a ruwan sha da kayan makaranta. Abin na yiwuwa, amma kafin kowa ya sa hannu a takarda a karanta ta a bainar jama'a cikin harshen da suke ji. Shekara nawa yarjejeniyar za ta yi? Wa zai riƙe kuɗin? Masunta za su ci gaba da shiga? Mu da muke baƙi kada mu shige gaba a wannan magana, ta masu ƙasa ce. Ina kuma ƙin tsarin biyan mutane bisa yawan abin da suka soka a laka, don yana sa a shuka ko'ina a tafi. In za a biya, a biya kan abin da ya rayu bayan shekara.

13. Ku koma. Ranar 26 ga Yuli ce hukumar UNESCO ta ware wa wannan kurmi tun 2015, kuma a ranar za ku ga manyan mutane da 'yan jarida a bakin ruwa. Ku je, ba laifi. Amma shukar na bukatar wanda zai zo ran 10 ga Agusta da 5 ga Nuwamba, lokacin da babu mai ɗaukar hoto. A wata ukun farko a leƙa kowane mako biyu: a cire gansakuka da leda da suka naɗe tsirrai, a miƙar da waɗanda suka kwanta, a kankare ƙananan ɓawon da ke manne musu, a duba ko ƙaguwa na yanke su. Inda ƙaguwa ta yi yawa, dashen leda da ya riga ya yi ƙwari ya fi ɗanyen iri tsira. Cikin makonni kaɗan za ku ga ganye biyu na farko sun buɗe a ka.

A sayi littafin rubutu na makaranta a ba yaro ko yarinya mai hankali a gidan. A ware layi uku, a kafa musu sanda mai fenti, a ƙirga abin da aka shuka a cikinsu, a rubuta da kwanan wata. A sake ƙirgawa bayan wata uku, wata shida, shekara ɗaya, sannan kowace shekara har biyar, ana ɗaukar hoto da waya daga wuri ɗaya. In bakwai cikin goma sun rayu bayan shekara, a cike gurbin sauran da damina mai zuwa. In ƙasa da rabi ne, kada a sake zuba iri a wurin, a koma ga sandar auna ruwa da tsofaffin masunta a gano dalili. In kuma kuka fara ganin tsirran da ba ku kuka shuka ba suna fitowa tsakanin layukanku, ko masu tsince-tsince suka ce isam, ƙaramin dodon-koɗin nan da ake miya da shi a Kalaba, ya dawo wurin, a rubuta wannan ma, a kai littafin wurin mai gari a nuna masa, sannan a nemi izinin fili na gaba.